Perpetuwa ta Kartaj da Hawayen Mahaifinta

A cikin Littafin Maimaitawar Shari'a, sura 13, daga aya 6 zuwa 11, Musa ya gargaɗi Isra'ilawa game da wani gwaji wanda ba ya zuwa da takobi ko barazana. Ya lissafa mutanen da za su iya jan mutum a asirce zuwa ga bautar waɗansu alloli, kuma a cikinsu babu baƙo, babu maƙiyi. Akwai ɗan'uwa wanda aka sha nono ɗaya da shi, akwai ɗa ko 'ya, akwai matar da ake ƙauna, akwai kuma amini wanda mutum ya ɗauka kamar ransa. A cikin Matiyu 10:34-37 Ubangiji Yesu ya ambaci uba da uwa su ma, inda ya nuna cewa mai binsa zai iya samun masu gāba da shi a cikin gidansa. Hausawa sun ce da ɗan gari akan ci gari. A tarihin ikkilisiyar Afirka da wuya a sami wanda irin wannan gwaji ya matsa wa kamar wata matashiya mai suna Vibiya Perpetuwa, wadda aka kashe a birnin Kartaj a shekara ta 203.

Kartaj tana bakin Bahar Rum, kusa da inda birnin Tunis yake a yau, a ƙasar Tunisiya. A wancan zamani ita ce hedikwatar lardin Afirka na mulkin Romawa, birni mai arziki da ke aika hatsi zuwa Roma. Sarkin da ke kan gadon sarauta, Saftimiyus Seberus, shi ma ɗan Afirka ne, haifaffen Leptis Magna a ƙasar Libiya ta yanzu. Bishara ta riga ta kafu a yankin, an kuma riga an fara zubar da jinin masu bi, domin a shekara ta 180 an yanke wa waɗansu Kirista goma sha biyu daga garin Skilli hukuncin kisa a nan Kartaj saboda sun ƙi rantsuwa da sunan Kaisar.

Ya kamata a fahimci abin da gwamnatin Roma take nema daga Kirista, domin a ganin mutanen lokacin ba wani abu mai nauyi ba ne. Ba ruwan hukuma da abin da ke cikin zuciyar mutum. Abin da take so shi ne ya tsaya gaban gumaka ya miƙa hadaya, ko da ɗan turare ne da ruwan inabi, domin lafiyar Kaisar. Wajen shekara ta 112 wani gwamna mai suna Filini ya rubuta wa Sarki Tarajan cewa da wannan yake gwada waɗanda aka kawo masa, wanda ya yi hadayar ya kuma zagi Almasihu sai ya sake shi. Aiki ne na ɗan lokaci kaɗan, mutum ya koma gidansa wurin iyalinsa. Shi ya sa maƙwabta da dangi suke ɗaukar ƙin yinsa a matsayin taurin kai, ko ma taɓin hankali.

Perpetuwa 'yar babban gida ce, ta sami ilimi mai kyau, ta yi aure na mutunci. Shekarunta wajen 22 ne sa'ad da aka kama ta, tana da jariri namiji da take shayarwa. Iyayenta duka suna da rai, tana da 'yan'uwa maza biyu, ɗayansu yana ajin baftisma kamar ita. An kama ta tare da Rebokatus da Felisita, waɗanda bayi ne, da Saturninus, da Sekundulus. Dukansu ba a yi musu baftisma ba tukuna. Malaminsu Saturus ba ya nan lokacin da aka kama su, amma daga baya ya kai kansa ga hukuma domin kada ya bar almajiransa su kaɗai. Yawancin abin da aka sani game da kwanakinta na ƙarshe ya fito daga rubutun da ta yi a kurkuku da harshen Latin, wanda wani mai bi ya kammala bayan mutuwarta. Yana cikin rubuce-rubuce mafi daɗewa da suka rage daga hannun mace Kirista. Abin mamaki a cikin rubutun shi ne, ba ta ɓata takarda a kan sojoji ko alƙali ba. Wanda ya cika shafukan shi ne mahaifinta, wanda ya zo wurinta har sau huɗu.

Zuwan farko ya faru tun suna tsare a hannun masu gadi, kafin a kai su kurkuku. Dattijon ya zo ne da lallashi, kuma ita kanta ta shaida cewa ƙauna ce ta kawo shi. Sai ta nuna masa wani tulu da ke ajiye, ta tambaye shi ko za a iya kiransa da wani suna dabam da abin da yake. Ya ce ba za a iya ba. Ta ce to, haka ita ma ba za ta iya kiran kanta da wani suna ba sai Kirista. Kalmar ta fusata shi har ya taso mata kamar zai ƙwaƙule mata idanu, amma bai yi ba, ya fita da fushi. A cikin 'yan kwanakin da bai dawo ba aka yi musu baftisma. Ta rubuta cewa bayan ta fito daga ruwa, abu ɗaya kawai Ruhu ya sa ta roƙa, wato jimrewar jiki.

Ba da daɗewa ba aka kai su kurkuku. Yarinyar da ta tashi cikin wadata ba ta taɓa ganin duhu irin wannan ba. Ga zafi saboda cunkoso, ga sojoji masu tatsar kuɗi, ga kuma damuwa a kan jaririnta wanda yunwa ta fara galabaitar da shi. Masu hidimar ikkilisiya biyu, Tartiyus da Pomponiyus, suka biya kuɗi aka bar fursunonin su riƙa fitowa wani sashe mai ɗan sarari na 'yan sa'o'i. A nan ta shayar da yaron, ta yi magana da mahaifiyarta, ta ƙarfafa ɗan'uwanta. Daga baya aka yarda jaririn ya zauna tare da ita, sai hankalinta ya kwanta, har kurkukun ya zame mata kamar fāda. A waɗannan kwanaki ne ta yi mafarkin wani dogon tsani na tagulla da ya kai sama, an kafa takuba da māsu a gefensa, ga wani ƙaton maciji kwance a gindinsa. Saturus ya fara hawa. Ita kuwa ta taka kan macijin da sunan Yesu, ta mai da shi matakin farko. A can sama ta tarar da makiyayi mai furfura yana tatsar tumaki a cikin lambu, ya marabce ta, ya ba ta ɗan cuku ta ci. Da ta faɗa wa ɗan'uwanta, suka gane cewa ba saki ke jiranta ba.

Zuwa na biyu shi ne mafi tsanani. Labari ya bazu cewa za a yi musu shari'a, sai mahaifin ya zo, baƙin ciki ya ramar da shi. Wannan karon bai zo da fushi ba. Ya roƙe ta ta ji tausayin furfurarsa. Ya tuna mata cewa da hannuwansa ya rene ta har ta kai wannan matsayi, ya kuma fifita ta a kan 'yan'uwanta maza. Ya roƙe ta kada ta mai da shi abin dariya a cikin gari. Ya ambaci mahaifiyarta, da 'yar'uwar mahaifiyarta, da 'yan'uwanta, da ɗanta wanda ya ce ba zai rayu bayanta ba. Ya ce idan wani abu ya same ta, babu ɗaya a cikinsu da zai ƙara buɗe baki a bainar jama'a. Sa'an nan ya sumbaci hannuwanta, ya zube a ƙafafunta yana kuka, ya daina kiranta 'yarsa, yana ce mata uwargida.

Sai wanda ya san matsayin uba a gidan Romawa zai gane nauyin wannan durƙusawa. A dokarsu uba yana da iko a kan 'ya'yansa ko da sun girma, shi ne kuma firist na gida, mai miƙa hadaya ga gumakan iyali a madadin kowa. Irin wannan mutum ne ya kwanta a ƙasa gaban 'yarsa a cikin kurkuku. Kuma babu ƙarya ko ɗaya a cikin abin da ya faɗa. Gaskiya ne ya rene ta, gaskiya ne za a nuna gidansa da yatsa, gaskiya ne jaririn yana bukatar uwa. Da mugu ne shi, da gwajin ya yi sauƙi, gama ba wuya a ƙi maganar wanda ake jin haushinsa. Perpetuwa ta rubuta cewa zuciyarta ta yi ciwo dominsa, don ta ga shi kaɗai ne a cikin danginta ba zai sami abin farin ciki a cikin shaidarta ba. Ta yi ƙoƙarin ta'azantar da shi, tana cewa abin da Allah ya nufa shi zai faru a gaban alƙali, gama rayukansu ba a hannunsu suke ba, a hannun Allah suke. Ya tafi da baƙin cikinsa.

Mai bi da ke zaune a Wuse ko Garki a yau ba shi da gwamnan da zai kira shi ya zuba turare a gaban gunki. Amma tun da gwamnatin tarayya ta koma Abuja a 1991, birnin ya cika da iyalai waɗanda jikinsu yana birni, cibiyarsu kuwa tana ƙauye. Gwajin yakan zo ne a ranar da yaro ya daɗe yana ciwo asibiti bai gano kansa ba, ko aure ya kai shekaru babu haihuwa, ko an yi rasuwa ana shirin al'adun bayan jana'iza. Uwa ta sha doguwar tafiya a mota ta iso da laya ko guru a ƙulle a bakin zane, ta ce a ɗaura wa jikanta. Kawu ya bugo waya ya ce an je wurin mai duba, ana bukatar baƙin bunsuru a yanka wa kakanni, ba sai ka zo ba, kuɗin kawai za ka aiko. Ba mai cewa ka bar Yesu. Cewa ake yi ka ƙara da wannan, don lafiyar gida, kamar yadda aka ce wa Perpetuwa ta yi don lafiyar Kaisar. Masu bi na fari a ƙasar Gbagyi, da kudancin Kaduna, da Filato sun san wannan sarai, domin da yawansu ba sarki ne ya fara tsananta musu ba, iyayensu ne suka yi ta kuka sa'ad da suka ƙi shiga hidimar dodo da tsafin gida. Sulemanu da dukan hikimarsa a wannan wuri ya fāɗi, kamar yadda 1 Sarakuna 11 ta nuna. Rundunar maƙiya ba ta juyar da zuciyarsa ba, matan da yake ƙauna ne suka juyar da ita a kwanakin tsufansa.

Ranar shari'a ta zo ba zato, suna cikin cin abinci aka kwashe su zuwa dandalin birni, jama'a suka taru maƙil. Gwamnan lardin ya rasu ba da daɗewa ba, don haka wani babban jami'i mai suna Hilariyanus ne yake riƙe da ikon yanke hukunci. Aka tambayi sauran, kowa ya amsa cewa shi Kirista ne. Da aka zo kan Perpetuwa, sai ga mahaifinta ya ɓullo ɗauke da jaririn, ya jawo ta daga matakala, yana roƙonta ta yi hadayar ta ji tausayin ɗanta. Alƙalin ma ya ɗauki maganar dattijon ya mai da ita tasa, ya ce ta dubi furfurar mahaifinta da ƙuruciyar yaron, ta miƙa hadaya don lafiyar sarakuna. Ta ce ba za ta yi ba. Ya tambaye ta ko ita Kirista ce, ta amsa cewa haka ne. Mahaifin bai daina jan ta ba, har Hilariyanus ya ba da umarni a ture shi, aka kuwa buge shi da sanda a gaban jama'a. Ta rubuta cewa ta ji bugun kamar a jikinta ya sauka, ta kuma yi baƙin ciki saboda wulakancin da ya same shi da tsufansa. Aka yanke musu hukunci a jefa su ga namomin jeji.

A nan akwai abin da ya cancanci a tsaya a kansa. Dokar Musa ta ce kada a saurari mai jan mutum zuwa ga gumaka, kada a yarda da shi, kada a ji tausayinsa, hukuncinsa kuwa jifa ne. Wannan hukunci na al'ummar Isra'ila ne a ƙarƙashin tsohon alkawari, ba a kuma ba ikkilisiya dutse ta jefi kowa ba. Abin da ya rage daram shi ne ƙin yarda. A dandalin Kartaj wadda aka jarraba ce ta ɗauki mutuwa, mai jarrabarta ya koma gida da ransa. Perpetuwa ta ƙi hadayar, amma ba ta ƙi mahaifinta ba. A cikin dukan rubutunta ba ta zage shi ba, ba ta ɗaga masa murya ba, ba ta kuma ɓoye cewa hawayensa suna sukanta ba. Bayan shekaru wajen 200, Agustin, bishop na Hippo a ƙasar Aljeriya ta yanzu, ya yi wa'azi a ranar tunawa da ita, ya lura da wannan abu. A fahimtarsa, Shaiɗan ya ga jin daɗin duniya ba zai karya ta ba, sai ya bi ta hanyar biyayyar 'ya ga uba, ita kuwa ta amsa da ladabi, ba ta karya dokar girmama iyaye ba, ba ta kuma faɗa cikin tarkon ba. Akwai matasa masu himma da suke zaton tsayawa ga bangaskiya shi ne a kira tsofaffin gida matsafa a gaban jama'a, a yanke zumunci, a daina aika musu da abin cefane. Ba su koyi wannan daga Perpetuwa ba. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Bayan shari'ar ta aiki Pomponiyus ya karɓo mata jaririn, mahaifinta ya hana. Ta rubuta cewa daga ranar yaron bai ƙara neman nono ba, ita ma nonon bai dame ta da ciwo ba, ta kuma ɗauki wannan a matsayin jinƙan Allah. Aka mai da su kurkukun soja don su jira wasannin da za a yi na bikin ranar haihuwar Geta, ɗan sarki. Jami'in da ke kula da su, Pudens, ya fara girmama su, yana barin 'yan'uwa su shigo gaishe su. Ta wannan ƙofa mahaifin ya shigo zuwansa na ƙarshe. Ba shi da wata sabuwar hujja. Ya riƙa tsige gemunsa yana zubarwa, ya fāɗi rubda ciki, yana la'antar shekarunsa, yana faɗin maganganun da ta ce za su iya girgiza dukan halitta. Abin da ta iya rubutawa a kan wannan rana gajere ne ƙwarai, cewa ta yi baƙin ciki saboda tsufansa marar daɗi.

Sekundulus ya mutu a kurkuku. Felisita tana da cikin wata takwas, doka kuwa ta hana a kashe mace mai ciki, don haka ta damu kada a bar ta baya a kashe ta daga bisani tare da masu laifi. 'Yan'uwan suka yi addu'a tare, naƙuda ta kama ta, ta haifi 'ya mace, wata mai bi ta ɗauke ta ta rene ta kamar tata. A daren ƙarshe Perpetuwa ta yi mafarki tana kokawa da wani ƙaƙƙarfan mutum a filin wasa ta kuma kā da shi, ta farka da sanin cewa yaƙinta da Shaiɗan ne, ba da dabbobi ba. A nan rubutunta ya tsaya.

Ranar 7 ga Maris ce ikkilisiya ta riƙe a matsayin ranar mutuwarsu. A bakin ƙofar filin wasan gumaka suka sake tare musu hanya, domin an so a sa wa mazan rigunan firistocin gunki Saturn, matan kuma na masu hidimar gunkiya Seres. Perpetuwa ta ƙi. Ta ce sun ba da ransu ne da yardarsu domin kada a tilasta musu irin wannan abu, kuma a kan haka aka yi yarjejeniya. Hafsan ya ga gaskiyarta, aka bar su da tufafinsu. Aka saki damisa da beyar da aladen daji a kan mazan. Matan biyu kuwa aka sakar musu wata karsana mai faɗa. Ta yi sama da Perpetuwa ta fyaɗa ta da ƙasa. Da ta tashi zaune, sai ta ja yagaggiyar rigarta ta rufe cinyarta, ta ɗaure gashin kanta domin kada ta yi kama da mai makoki, ta je ta miƙa wa Felisita hannu ta tashe ta. Uwargida da baiwa suka tsaya tare a gaban taron. A ɗan hutun da aka ba su ta kira ɗan'uwanta da wani ɗan ajin baftisma mai suna Rustikus, ta gargaɗe su su tsaya da ƙarfi cikin bangaskiya, su ƙaunaci juna, kada wahalar da suka gani ta sa su tuntuɓe.

Jama'a suka nemi a ƙarasa su a tsakiyar fili inda kowa zai gani. Suka tafi da ƙafafunsu, suka yi wa juna sumbar salama. Saturus, wanda ya riga ta hawa tsani a mafarki, shi ya riga ta mutuwa. Wanda aka ba aikin kashe Perpetuwa sabon shiga ne, hannunsa yana rawa, saran farko ya sauka a ƙashi har ta yi ƙara. Ita da kanta ta kama hannunsa ta kai takobin wuyanta.

Labarinsu ya bazu a ikkilisiyoyin Afirka ta Arewa, ana karanta shi a taron sujada kowace shekara, har ya kai Agustin ya tunatar da mutane cewa ba ya cikin littattafan Littafi Mai Tsarki. An gina babbar majami'a a Kartaj a wurin da aka binne su. A shekara ta 1907 wani fada ɗan Faransa mai binciken kayan tarihi, Alfred Delattre, ya tono gutsattsarin wani dutse a kangon wannan majami'a. Da aka harhaɗa su, sai ga sunayen mutum shida a rubuce, Saturus, Saturninus, Rebokatus, Sekundulus, Felisita da Perpetuwa.